Mai ɗaga kilo 50 ya kasa ɗaga tsintsiya (zare)

1/ Jama'a, sati ɗaya muka yi da na'urar nan mai share ɗaki da goge shi da kanta, a shagon da muke ɗaga ƙarfe a Jahun. Na fito da ra'ayi, kuma na san wasu mazan ba za su ji daɗinsa ba. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/ Kada ku ɗauka wani jim ne irin na Abuja. Shago ne a jikin zauren gidanmu. Daɓen siminti, taga ɗaya, benci da kafinta ya haɗa mana. Ƙarafa biyu ne na kanti, sauran kankare muka zuba a gwangwanin madara muka soka rodi. Sai igiyar tsalle da wata baƙar shimfiɗar roba da muka sayo a Kano. Mu shida ne.

3/ Shekara biyu ana wannan harka. Ni sai ƙarshen mako da hutu nake gida, abokaina kuwa kullum suna nan bayan sallar asuba. Kuma kullum wurin fes. Wallahi ban taɓa tambayar kaina wa ke share shi ba. Ashe ƙanwata ce, 'yar ajin ƙarshe a sakandare, WAEC na gabanta.

4/ Rannan ta ajiye tsintsiya a gabana ta ce: "Yaya, ni fa na gaji. Ga karatu, ga wanke-wanke, ga warin zufar abokanka. Masu ɗaga kankare ai ba za su kasa ɗaga wannan ba." Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga Inna ta kawar da kai tana murmushi. Na san an riga an yanke hukunci.

5/ Sati biyu babu wanda ya taɓa tsintsiyar. Ga shi tsakiyar hunturu. Kana kwantawa a benci ka tashi bayanka fari fat. Atishawa ta zama taken wurin. Can sai makero ya fito wa ɗayanmu a kafaɗa, bayan kwana kaɗan ya bayyana a wuyan wani.

6/ Me kuke zaton ƙatti shida suka yi? Taro muka kira. 😂 Wani ya ciro waya ya nuna mana bidiyon wani Bature: ɗakin motsa jikinsa na ƙyalli, wata na'ura kamar faifai tana zagayawa tana shara tana guga, shi yana shan shayi. Nan take aka ce a yi karo-karo a sayo.

7/ Na leƙa farashi. Ko mai araha sai ka ajiye sama da naira dubu 100, masu kyan sun haura rabin miliyan. Ku tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan dubu 70 ne tun 2024, ɗalibi mai bashin NELFUND kuma dubu 20 yake karɓa a wata. Duk don kada namiji ya sunkuya na minti goma.

8/ Allah Ya taimake mu, ɗan baffana da ke aiki a Dutse yana da ita a gidansa. Ya ce: "Ku ara ku gwada sati ɗaya, amma in kuka lalata sai kun biya." Na ɗauko ta a mota kamar amarya. Yaran unguwa suka cika zaure, suka sa mata suna Kunkuru.

9/ Bari in faɗi yadda take aiki, don a yi mata adalci. Tana da ɗan buroshi a gefe mai janyo datti, da wani mai juyawa a ƙarƙashi, da fanka mai zuƙa. Dattin yana shiga wani ɗan akwati da bai kai rabin lita ba, iskar ta bi ta matata ta fita. A baya akwai ɗan tankin ruwa da ƙyalle, shi ne mofar.

10/ A samanta akwai wani ƙululu mai juyawa yana harba hasken leza, yana auna nisan bango, da haka take zana taswirar ɗakin. A ƙasanta kuma akwai idanu masu duba ko akwai rami, don kada ta faɗo daga bene. In batir ya yi ƙasa, ta koma gidan cajinta da kanta. Fasaha ce ta gaske, ban raina ta ba.

11/ Ranar farko: kafin a kunna ta sai da muka kwashe ƙarafa, muka naɗe igiya, muka fitar da takalma da robobin ruwa, muka tsince tsakuwa da ɓaraguzan kankare. Muna gamawa wani ya ce: "To yanzu me ya rage? Ai mun yi rabin sharar." Babu wanda ya ba shi amsa.

12/ Ba ta yi nisa ba akwatin ya cika. Muka zubar, ta ci gaba, ya sake cika. Matatar ta toshe, sai mun fita waje mun kakkaɓe. Mai kakkaɓewar kuwa shi ya shaƙi ƙurar da aka sayi na'urar don a guje wa.

13/ Ta zo bakin baƙar robar nan ta ƙi hawa, sai ja da baya take. Na bincika, ashe sananniyar matsala ce: baƙin abu yana shanye hasken idanun ƙasan, sai ta ɗauka rami ne. Wato daidai inda muke kwanciya muna zufa, nan ne ta ce ba da ita ba.

14/ Mofar kuma fa? Ƙyalle ne mai ɗan danshi take ja a baya. A tayil mai ƙura kaɗan ya wadatar. A daɓen siminti mai kaushi a watan Janairu, laka ta kwaɓa ta zana mana layi-layi kamar kunyar gona. Kuma takardarta ta hana a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a tankin sai nasu na kamfani.

15/ Rana ta uku wani ya manta igiyar tsalle a ƙasa. Kunkuru ya haɗiye ta, ya tsaya yana kuka da Turanci. Rana ta huɗu babu wuta, ya kwana a gidan caji da yunwa. Ta biyar muka kai shi shagon mai cajin waya, mai shagon ya ce bai san kuɗin da zai yanka wa wannan ba. 😭

16/ Ban ga laifinta ba fa. Kamfanin iRobot na Amurka ya fitar da Roomba a 2002, yanzu kamfanonin Chaina irin su Roborock da Ecovacs sun cika kasuwa. Gidan da suka yi wa lissafi a rufe yake: taga mai gilashi, ƙasa sumul, wuta dare da rana. Dattinsu gashin kyanwa ne da ɓurɓushin biskit.

17/ Namu dattin daga wata ƙasa yake tasowa. A arewacin Chadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon tafki, wanda masana ke lissafawa a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Iskar hunturu ke kwaso ta daga Nuwamba zuwa Maris ta sauke mana. Akwatin rabin lita ne zai yi dambe da Sahara?

18/ Damina ta zo kuma labari ya sauya. Mu nan yankin fadamar kogin Haɗeja, wanda ya fito daga gonar shinkafa da laka yake shigowa. Na'urar ba ta son jiƙaƙƙen datti, shafa shi za ta yi ko'ina. Shekarar tamu dai rabi ƙura, rabi taɓo.

19/ Amma ga abin da ya fi tsaya mini. A ce ma komai ya yi daidai, tayil, sola, gilashi. Kunkuru ƙasa kaɗai ya sani. Ba ya hawa benci. Ba ya goge rodin da hannu goma sha biyu suka riƙe. Ba ya wanke tawul ɗin nan ɗaya da muke ta miƙa wa juna.

20/ Makero kuwa ta nan yake bi. Ƙwayar cutarsa dangin fumfuna ce, tana son danshi da ɗumi, tana yaɗuwa daga fata zuwa fata, ko ta tawul da shimfiɗa da benci. Da mun zuba rabin miliyan, da daɓe ya yi ƙyalli, mu kuma muna ta susa. Kallon kitse muka yi wa rogo.

21/ To a nan ne na tsaya na tambayi kaina: me ya sa tunaninmu ya tsallake tsintsiyar da ke jingine a bayan ƙofa ya tafi har Chaina? Amsar ba ta da daɗi. Kunya ce. Kada yaran unguwa su leƙo su ga masu ƙwanji a duƙe suna shara.

22/ An raine mu a kan cewa shara ta mata ce. Yarinya tana tashi ana miƙa mata tsintsiya, yaro ana miƙa masa ƙwallo. Har muka girma muna ganin tsafta kamar abin da ke faruwa da kansa, irin fitowar rana. Na'urar ta burge mu ne don ta yi alƙawarin maye gurbin ƙanwata ba tare da mun sauya komai ba.

23/ Abin dariyar, a makarantar kwana mu muke share ɗakin kwananmu. A hostel ɗin jami'a ni nake wanke kwanona. Almajiri yana share tsangaya, ladan yana share masallaci, yaron shago yana share ƙofar kanti, babu mai cewa sun zama mata. Sai mun shigo gidan da akwai mace hannunmu ke mutuwa.

24/ Kuma ba addini ne ya koya mana ba. Ya tabbata a Bukhari cewa da aka tambayi Nana A'isha (RA) abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta nuna yana cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Mun haddace tsafta cikon addini, amma mun bar wa ƙannenmu cikon.

25/ Na san za a ce: "Malam, kai maƙiyin ci gaba ne." A'a. Injin markaɗe ya hutar da iyayenmu daga dutsen niƙa, famfo ya hutar da su daga guga, babu mai hankalin da zai ce a koma. Tsohuwa mai ciwon baya, mai lalurar ƙafa, ma'aikaciyar jinya mai kwana a asibiti, in gidansu tayil ne da sola, wallahi su saya. Matar ɗan baffana tana jin daɗinta sosai.

26/ Kuma ta fi tsintsiya a abu ɗaya, gaskiya ɗaya ce: busasshiyar shara tana tayar da ƙura sama, ka shaƙa, sauran ta sake sauka. Ita na'urar zuƙewa take. Sai dai kakanninmu sun riga ta gano maganin: a yayyafa ruwa kafin a share.

27/ Mai niyyar saye, ƙarin shawara: wasu suna da kyamara, kuma da intanet suke aiki. A Disambar 2022 mujallar MIT Technology Review ta ba da labarin hotunan cikin gidaje da wasu Roomba na gwaji suka ɗauka, har da mace a banɗaki, suka ɓulla a intanet. Kamfanin ya ce ba na kasuwa ba ne. Duk da haka, gidan da baƙo ba ya wuce zaure a yi tunani.

28/ Mun mayar da Kunkuru Dutse lafiya, ba mu biya ko kwabo ba. Ga tsarinmu yanzu, a rubuce a bango: kowa da ranarsa, Juma'a hutu. Takalmi a waje. A yayyafa ruwa, a share, a bi da mofa. Benci da rodi a goge da tsumma da ruwan sabulu bayan kowane mutum. Kowa da tawul ɗinsa. Roba a shanya ta a rana. Taga an sa mata labule mai kauri.

29/ Masu makero sun je asibiti an ba su man shafawa, an ce su huta da benci sai sun warke. Mutum ɗaya ya ce shi ba zai yi shara ba, girmansa ya wuce nan. Muka ce to ƙarfen ma ya fi ƙarfinka. Kwana huɗu ya yi fushi, ya dawo ya ɗauki Laraba.

30/ Abin da kuɗin karo-karon ya saya: mofa, bokiti, faka, tsintsiya biyu, sabulu. Canjin muka haɗa muka saya wa ƙanwata littattafan tambayoyin WAEC na baya. Ta karɓa ta ce: "Yaya, na gode, amma shekara biyu ce fa. Akwai ciko." Tana da gaskiya.

31/ Don haka 'yan uwana masu ɗaga ƙarfe a Jahun, Haɗeja, Gumel, Kano, duk inda kuke: gobe kafin ka taɓa rodi, tambayi wa ya share inda kake tsaye. In amsar sunan mace ce a gidanku wadda ba ta taɓa ɗaga ƙarfen ba, akwai gyara. Ranata Asabar ce, mai son ganin mai ƙwanji a duƙe ya zo bayan asuba, akwai tsintsiya ta biyu. Na gama. 🙏🏾