Kafin Ka Biya Kuɗin Haya

Ya kai ɗalibi, wata rana za ka bar gidan iyayenka. Wataƙila karatu ne zai fitar da kai, wataƙila bautar ƙasa ko neman abinci. Ba lalle ne ka sauka a Legas ko Kano ba. Mai yiwuwa ka sami kanka a matsakaicin gari irin su Lakwaja, babban birnin Jihar Kogi, inda kogin Neja ya haɗu da kogin Binuwai. A can za ka nemi ɗakin haya da kuɗinka, kuma ra'ayina shi ne kada ka biya ko kwabo sai ka tambayi mutanen unguwa.

Mutum na farko da za ka haɗu da shi dillali ne. Zai kai ka gida, ya buɗe maka ciki da falo, ya nuna maka sabon fenti. Dillali ba maƙiyinka ba ne, sana'arsa yake yi. Amma ka tuna cewa ba ya samun la'ada sai ka biya, kuma a wurare da yawa la'adar kan kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar shekara. Saboda haka abin da zai sa ka biya shi zai faɗa maka. Sauran labarin yana bakin maƙwabta.

Mu ɗauki maganar ruwa. Idan ka je Lakwaja a watan Janairu, da rani, za ka ga unguwannin bakin kogi a bushe, ga iska mai daɗi, ga ɗakuna da sauƙin kuɗi. Amma a shekarar 2012, da kuma 2022, kogi ya cika ya shiga gari. Ruwa ya mamaye gidaje a unguwanni kamar Ganaja da Adankolo, har mutane suka koma shiga jirgin kwalekwale a kan titin mota. Irin wannan ambaliya tana zuwa ne a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba. Wanda ya biya hayar shekara a Janairu ba zai ga alamarta ba, musamman idan an shafe bango da fenti. Hausawa sun ce arha ba ta ado. To, ka duba katangar gidan da ke kusa, wadda ba a yi wa fenti ba. Sau da yawa za ka ga layin da ruwa ya bari a jikinta.

Abin mamaki, garin da ke bakin manyan koguna biyu ma ana iya wahalar ruwan sha a cikinsa. Kasancewar famfo a tsakar gida ba ya nufin ruwa yana zuwa. Wa ya fi kowa sanin gaskiyar wannan? Mai garuwa. Idan ka ga masu tura kurar ruwa suna ta kai da kawowa a layin, ka san cewa kai ma za ka riƙa saye kullum. Ka gaishe shi, ka tambaye shi nawa jarka take. Yawancin masu wannan sana'a suna jin Hausa, ga dama ta samu ta gwada abin da ka koya a aji.

Haka kuma ka tambayi mai shago sa'a nawa ake samun wutar lantarki, domin Lakwaja gari ne mai zafi. Ka bincika ko ɗakin yana da mitarsa, ko kuwa raba kuɗin wuta ake yi tsakanin 'yan haya, abin da kan jawo faɗa. Ka lissafa kuɗin keke ko acaɓa daga gidan zuwa makaranta na wata guda.

Wani zai ce, "Kafin in gama tambaya wani ya kama ɗakin." Gaskiya ne, hakan yana faruwa, kuma dillali zai tsorata ka da wannan magana. Amma a matsakaicin gari ɗakuna ba su yi ƙarancin da suka yi a Legas ba. Rasa ɗaki asarar kwana biyu ce. Kuɗin shekara kuwa, idan ya shiga aljihun mai gida, da wuya ya dawo.

In ka gamsu, ka nemi ganin mai gidan da kansa, domin akwai masu karɓar kuɗi a kan gidan da ba nasu ba. Ku rubuta yarjejeniya: ranar shiga, ranar da haya za ta ƙare, da wanda zai gyara rufi idan ya yi yoyo. Ka zo da shaida ɗaya, ka karɓi rasidi, sa'an nan ka karɓi makulli.