Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Daraktan Ilimi Na Jihar Tahoua: Mai Neman Shugabancin COGES Ya Fara Faɗa Mana Abin Da Zai Yi

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan wani zaɓe da ba a jin labarinsa a rediyo, ba a manna masa hotuna a bango, alhali shi ne zaɓen da ya fi kusa da ƴaƴanmu. Ina nufin zaɓen shugabannin kwamitin kula da makaranta, wanda hukuma ta mayar CGDES a 2012, mu kuwa a karkara har gobe COGES muke ce masa. Ni uba ne, yarana suna firamare a ƙasar Ƙonni, ina da dangi a Dogarawa da Badagishiri, kuma duk inda na zauna da iyayen yara kukan iri ɗaya ne. Roƙona shi ne kada a ƙara ɗora kowa a kan kujerar nan sai ya tsaya gaban iyaye ya faɗi da bakinsa abin da zai sa a gaba, sannan a zaɓe shi da ƙuri'ar sirri.

Wannan tsari ai namu ne, a jihar nan ya yi wayo. A 2004 ne shirin Makaranta Don Kowa, wanda hukumar JICA ta Japan ta tallafa wa, ya fara aiki a Tahoua. Abin da ya kawo ba shi da wuyar fahimta: iyaye su zaɓi wakilansu a asirce, gari ya taru ya tsara aikin shekara, a ƙarshen shekara a sake taruwa a ji me aka yi da me ba a yi ba, kwamitocin ƙaramar hukuma guda kuma su haɗa kai su riƙa duba juna. Daga nan abin ya wuce Damagaram, a 2007 ya game ƙasa, har Senegal da Mali da Burkina Faso da Madagaska suka ɗauka. Waɗanda suka ga farkon abin suna ba da labarin yadda mata suka riƙa yin layi a filin lakwal, kowacce ta shiga bayan zana ta jefa ƙuri'arta ba tare da miji ko maigari ya ga wanda ta zaɓa ba. Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a watan Afrilun 2024, wannan ɗan zaɓe yana cikin ƴan wuraren da suka rage inda talaka ke zaɓen wanda zai yi magana da yawunsa. Bai kamata a bar shi ya lalace ba.

Ga yadda na ga an yi shi a wani ƙauye da ba zan kama sunansa ba. Bayan la'asar aka taru a gindin bedi, maza a kan tabarmi, mata can baya a tsaye da goyo. Wani dattijo ya miƙe ya ce, “Jama'a, ai mun san wanda ya dace, Alhaji ne.” Alhajin mutumin kirki ne, yana da rudu cike da albasa, shi ya sayi lasifikar masallaci. Aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Wa zai bar hannunsa a ƙasa alhali a wurin Alhaji yake cin bashin iri da taki? Kafin a shafa fatiha, wata uwa daga cikin ƙungiyar iyaye mata ta ɗaga murya ta ce, “Alhaji, ɗiyata tana aji biyar, ubanta ya turo saƙo a waya daga Abijan ta kasa karanta mini. Me za ku yi a kai?” Alhaji ya ce insha Allahu za a zagaye makaranta da katanga. Aka watse.

Ban ga laifin Alhaji ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa cewa tambayar matar nan ita ce aikinsa. A tunaninsa, da tunanin mafi yawanmu, shugaban COGES mai tara kuɗi ne, mai neman kara da zana, mai tarbar baƙi in sun zo daga Tahoua. Karatu kuwa na mushe ne da darakta, mu da ba mu yi boko ba ina ruwanmu.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa an gwada wannan tunani an ga iyakarsa. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 an ɗauki makarantu 1,000 a jihohin Tahoua da Damagaram, aka ba kwamitocin 500 daga ciki tallafin kuɗi, aka bar sauran don a kwatanta. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun bi diddigin abin. Iyaye sun ƙara himma, an yi gyare-gyare, ƙananan yara sun ƙara zama a makaranta, amma sakamakon gwajin karatu bai motsa ba. Daga baya aka yi wani gwaji a jihar Tillaberi, inda aka haɗa kuɗin da horo: a gwada yara, a nuna wa iyaye sakamakon, a tsara darasin ƙari bayan an tashi. A nan ne aka ga maki ya ɗaga. Iyayen Tillaberi ba su fi na Malbaza son ƴaƴansu ba. An dai nuna musu inda ciwon yake.

Don haka tambaya ta farko da nake so a yi wa duk mai neman kujerar nan ita ce: yara nawa ne a aji uku na makarantar nan ke iya karanta layi biyu, nawa ne ke iya ɗebe bakwai daga goma sha biyar? In bai sani ba, ya yi alkawarin cewa cikin watan farko zai sa a gwada su, a tara gari a faɗi adadin a fili, ba tare da an kama sunan ɗan kowa ba. Gwajin nan ba ya cin kuɗi. Takarda ce guda mai haruffa da kalmomi da ɗan gajeren labari, yaro ya zo shi kaɗai ya karanta inda ya iya. Uban da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana iya zama a gefe, kuma zai gane yaron da ke karatu da wanda ke kame-kame. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar yaran da ke gama firamare da karatu mai gamsarwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. A na 2019 an kai kusan uku cikin goma. An ci gaba, amma har yanzu bakwai cikin goma suna shafe shekara shida suna zuwa suna dawowa a banza, kuma ga jarrabawar CFEPD da aka dawo da ita a 2024 tana jiran su a ƙarshen aji shida. Ɗan takarar da wannan bai hana shi barci ba, ya bar kujerar ga wani.

Tambaya ta biyu ta kwanaki ce, kuma a nan ne mu iyaye muke da hannu dumu-dumu. Hukuma tana buɗe makarantu a watan Oktoba. A ƙauyen da azuzuwansa na zana ne, ba a fara komai sai an gama girbi an samu kara, wani wuri sai Nuwamba ta yi nisa. Da hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu, iska ta kwashe rumfar, shekara ta ƙare ke nan. Tsakanin waɗannan biyun kuma ga dashen albasa a fadamun Magiya da Galmi da Tsarnawa, ga ban ruwa, ga cirarta a watan Maris da Afrilu, duk da hannun yara ake yi. Ranar Laraba kasuwar Ƙonni tana kwashe rabin aji, ƴan mata da farantin talla, samari da baro ko jarkar fetur. Yaron da ya ɗan tasa kuwa idonsa na kan hanyar cirani, domin ya ga wansa ya dawo daga Libiya ko Abijan da babur. In aka lissafa, wata tara na takarda ba ya wuce biyar ko shida a ƙasa. Ina so in ji ɗan takara ya ce: ni zan sa a ajiye karan bana don rumfar baɗi, a kafa ta kafin Oktoba, zan zauna da masu garka mu yarda yaro ya yi ban ruwa da yamma, zan je wurin malamin allo mu raba lokaci, asuba da dare nasa, hantsi na lakwal, don kada a sa uba zaɓi tsakanin Alƙur'ani da boko. Waɗannan duk ba su buƙatar ko dala daga Yamai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganar rumfa kuma ta wuce asarar kwanaki. Ba mu manta da 13 ga Afrilun 2021 ba, ranar da wuta ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. Ba a rufa shekara ba, ranar 8 ga Nuwamba, aka sake yi a Maraɗi, aƙalla yara 25. Ginin siminti aikin hukuma ne, kuma abin yana yi mini ciwo in ga tireloli suna fita da siminti daga Malbaza alhali yaran da ke kallon hayaƙin masana'antar suna zaune a ƙasa cikin kara. Kafin ginin ya zo, shugaban kwamiti yana iya tabbatar da cewa kowace rumfa tana da ƙofa biyu, akwai tazara tsakaninsu, masu tuya sun ja da murhunsu nesa, kuma mafi ƙanƙantan yara su ake fara sa wa a ajin gini. A tambaye shi wannan ma.

Sai ƴan mata. Tun Disambar 2017 akwai dokar da ta ce a kare karatun yarinya har ta kai shekara 16. Doka ba ta shiga zaure ta yi magana da uba, mutum ne ke shiga. Ɗan takara ya gaya mana ko zai iya zuwa gidan amininsa ya ce a dakata da ɗaurin auren nan, ya kuma gaya mana me ya tanada wa yarinyar da ta ci jarrabawa za ta kwaleji a Illela ko Ƙonni ba ta da gidan sauka. In nasa ƴaƴan mata suna gida suna talla, iyaye su sani kafin su jefa ƙuri'a.

Akwai batun harshe, wanda na san ana ta muhawara a kansa tun da kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Iyaye da yawa suna cewa Hausa ai muna da ita a gida, Faransanci muka kai su koyo. Ni ra'ayina yaro ya fara karatu da harshen da yake mafarki da shi, daga nan ya hau Faransanci da ƙafarsa, kuma ƙasar nan ta fara gwada haka a Damagaram tun 1973. Ban ce dole ɗan takara ya bi ra'ayina ba. Ya dai faɗi nasa a gaban jama'a, domin shugaban da ke kushe tsarin a majalisar dare yana iya kashe shi a garinsa ba tare da ofishinka ya ji labari ba.

Na bar maganar kuɗi a baya da gangan, ko da yake ita ke raba kan gari. Maganinta gajere ne: ma'aji daban da shugaba, kuma ba ɗan ɗakinsa ba, kowace dala ta shiga kaye, a karanta lissafi da Hausa a taron gari, a manna shi a ƙofar ofishin darakta. Kuma kada a kori yaro daga aji don ubansa bai biya kuɗin COGES ba. Gudummawa ce, yaron bai ci bashin kowa ba.

Game da malamai, ina roƙon a ja kunnen masu neman kujerar nan tun da wuri. Yawancin masu koyar da ƴaƴanmu ƴan kwantiragi ne, an turo su garin da ba su san kowa ba, wani sa'in albashi ya makara, ga tafiya zuwa birni don karɓo shi. Shugaban da ya ɗauki kansa ɗan sandan malamai zai kore su ne kawai. Wanda ya sama wa malama ɗaki mai ƙofa kusa da mutanen kirki, ya tabbata tana samun ruwa, shi ne ke da bakin tambayarta dalilin da ya sa ba ta zo ranar Litinin ba.

Abin da nake nema daga ofishinka, ranka ya daɗe, bai wuce ikonka ba. Ka rubuta wa sufetocin Ƙonni da Malbaza da Illela cewa duk kwamitin da wa'adinsa ya cika a sabunta shi, domin akwai inda shugaba ya zauna har yaransa sun gama sun yi aure. A sanar da ranar zaɓe da wuri ta bakin sanƙira da masallatai da gidajen rediyon gari, a kuma kauce wa ranar kasuwa da lokacin da mata ke kan murhu. Kafin a jefa ƙuri'a, kowane ɗan takara ya tsaya ya yi bayani, iyaye mata su fara yi masa tambaya, darakta ya rubuta alkawuran a takardar taro, a ƙarshen shekara a karanto masa su. Zaɓen ɗaga hannu kuwa kada sufeto ya sa masa hannu, ko da garin ya ce an yi sulhu. Sannan a ba sababbin shugabanni horon kwana biyu a kan gwajin karatu, da Hausa, a ƙaramar hukumarsu.

Ina roƙon wannan umarni ya iso Bazaga da Allela da Tajaye da sauran garuruwanmu kafin a buɗe makarantu a watan Oktoba, don kwamitocin da za su tsara aikin shekara su kasance waɗanda iyaye suka ji ta bakinsu suka zaɓa. Allah ya ba ka ikon yi, ya raya mana zuri'a.

Wassalam.

Naka,
Wani uba daga ƙasar Ƙonni