Shayin dare: buta ɗaya, barci iri-iri

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Konni ya san garin ba ya rufe ido da wuri. Daga bakin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi har hanyar da ta nufi Illela ta Najeriya, in an sallame lisha sai ka ga garwashi ya yi ja a ƙarƙashin butoci. Direbobi da ƴan canji da samarin fada sun kewaye, ana jiran na farko mai ɗaci, da na biyu, da na uku mai zaƙi.

To, ga abin lura. Mutum biyu su sha daga buta guda, ɗaya ya je gida ya yi ta minshari, ɗayan ya kwana yana juyi bisa tabarma har kiran assalatu. Wanda barci ya ƙaurace wa sai ya zargi sammu, ko ya nufi mai tallar ƙwayoyi a kasuwa. Alhali sau da yawa wannan bambanci gadonsa ya yi daga iyaye.

Shayi da kafe da goro duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Tun da safe ƙwaƙwalwa ke tara wani sinadari, adenozin, wanda ke kawo gyangyaɗi, shi kuwa kafeyin sai ya tare masa mazauni. Hanta ce ke kawar da kafeyin daga jini. Ga yawancin mutane rabinsa kan fita cikin kimanin awa 5, amma wani awa 3 ta ishe shi, wani kuwa sai ya kusa awa 10. Ƙwayar gado da ake kira CYP1A2 tana da babban hannu cikin wannan sauri ko nawa.

A shekarar 2007 masana a jami'ar Zurik ta ƙasar Suwis suka nuna cewa wata ƙwayar, ADORA2A, tana bambanta waɗanda kafeyin ke lalata wa barci da waɗanda ba ya damu sosai. A 2011 wani bincike kan mutum fiye da 47,000 a Amurka ya gano cewa har yawan abin da mutum ke sha yana da alaƙa da gado. Rashin barcin ma haka: a 2019 an duba mutum miliyan 1.3, aka samu wurare 202 cikin ƙwayoyin gado masu nasaba da shi. Galibin waɗanda aka auna Turawa ne, amma aikin hanta da ƙwaƙwalwa iri ɗaya ne ga ɗan Adam.

Kada dai a ɗora wa gado laifi duka. Jikin mai shan sigari yana fitar da kafeyin da sauri, na mace mai ciki kuwa yana riƙe shi ya daɗe ƙwarai. Shi ya sa a 2015 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ce kada mai ciki ta wuce miligiram 200 a rana, wato rabin na sauran manya. Lokacin sha ma abin dubawa ne: a 2013 an gwada a birnin Ditroit cewa miligiram 400, ko da awa 6 kafin kwanciya aka sha, yana rage barci da fiye da awa guda.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasarmu. Direban da ya kwana ido biyu, ya wayi gari ya ɗauki siminti a Malbaza ko albasa a Galmi, ransa da na bayin Allah da ke kan hanya ne ya sa cikin hatsari.

Ba sai an je Turai auna jini ba. Wanda barci ke yi wa wuya ya bar shayi da goro daga la'asar har sati biyu, ya ga yadda darensa zai kasance. In abin bai sake ba, ya je wurin likita, ya bar ƙwayar kasuwa. Ku kuma masu buta, in aboki ya ce a tsallake shi, kada ku ɗauka raini ne. Hausawa sun ce abincin wani gubar wani, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.