Punisher: Wa yake tantance sunayen waɗanda zai kashe?

Ranar farko da Punisher ya bayyana a duniyar labaran zane, wato komik, mutumin da ya saita wa bindiga ba shi da laifin komai. A fitowa ta 129 ta mujallar The Amazing Spider-Man, mai ɗauke da kwanan watan Fabrairun 1974, wani mugu mai suna Jackal ne ya cusa masa cewa Spider-Man mai kisan kai ne, shi ya kashe attajirin nan Norman Osborn. Gogan naka ya yarda, ya ɗauki makami ya shiga farauta. Da harbin ya samu, da an rufe babin Spider-Man a kan ƙarya. Cikin masu sa hoton farin ƙoƙon kan nan a fuskar waya, ko su manna shi a gilashin mota, da wuya ka samu wanda ya san da wannan mafarin. Ni kuwa a ganina duk muhawarar da ya kamata a yi a kan wannan ɗan tahaliki tana nan dunƙule a waccan fitowar.

Gerry Conway ne ya ƙirƙire shi, yana ɗan shekara 21. John Romita babba ya faɗaɗa ƙoƙon kan har ya cika ƙirji, Ross Andru ya zana labarin, Stan Lee kuma ya ba da sunan. A matsayin abokin gaba aka kawo shi, irin wanda masu kallon fim a nan za su kira bos, ba akta ba. Sai masu karatu suka nuna suna son sa, kuma ba abin mamaki ba ne idan aka dubi Amurka ta lokacin. Sojoji na dawowa daga Vietnam, laifuka sun yi ƙamari a birnin New York, littattafan Don Pendleton na The Executioner suna tashe tun 1969, fim ɗin Dirty Harry ya fito a 1971, Death Wish kuma a 1974. Kasuwar mutumin da ya gaji da kotu ya ɗauki bindiga tana ci sosai. A 1975 aka ba da asalinsa a Marvel Preview: Frank Castle tsohon sojan kundumbala ne, ya kai matarsa Maria da 'ya'yansu biyu shan iska a Central Park, suka ci karo da 'yan Mafiya suna kashe wani, sai aka buɗe musu wuta don kada a bar shaida. Shi kaɗai ya tashi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nasa ya faru ne a 1983. Marubuci Bill Mantlo ya bi tunanin Frank har inda ya tsaya. Idan mutum ya naɗa kansa ɗan sanda da alƙali da hauni gaba ɗaya, me zai hana shi faɗaɗa ma'anar laifi? A mujallar Spectacular Spider-Man sai ga Punisher yana harbin masu yar da shara a titi da masu keta jar danja. Da Steven Grant da Mike Zeck suka zo yi masa nasa labarin na kansa a 1986, abu na farko da suka yi shi ne share wancan tabon: aka ce ai ƙwaya aka ɗura masa a ɓoye, ba halinsa ba ne. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san wannan aikin. An gano matsala a tushen tsari, maimakon a gyara tushen sai aka yi faci a sama aka ce an magance.

Facin kuwa ya kawo kuɗi. Mujallarsa ta wata-wata ta fara a 1987, Punisher War Journal a 1988, Punisher War Zone a 1992. Uku a lokaci guda, ga fim ɗin Dolph Lundgren na 1989, ga wasan Capcom na 1993. A 1995 kasuwa ta faɗi aka rufe dukkansu. A 1998 har mai yi wa mala'iku aiki aka mayar da shi da bindigogi masu walƙiya, abin da ko masoyansa ba sa son a tuna musu.

Yawancin masu gardama a kan Punisher suna tsayawa ne a tambayar ko mai safarar mutane ko mai sayar wa yara ƙwaya ya cancanci mutuwa. Wannan tambayar ai ta ɗana tarko ce, don marubucin ya riga ya nuna maka laifin da idonka, shafi bayan shafi, har jininka ya tafasa. Tambayar da ake tsallakewa ita ce: ta yaya Frank ya sani? Kai mai karatu ka sani domin an shigar da kai ɗakin da aka aikata abin. Shi ba ya nan. Abin da yake da shi bai wuce maganar wanda ya shaƙe wa wuya ba, da takardun da ya sato, da zato. Amma kusan kullum sai harsashinsa ya faɗa kan mai laifi, saboda wanda ke rubuta labarin ne yake riƙe masa bakin bindiga.

A aikinmu, duk tsarin da ke rarrabe abu zuwa "eh" da "a'a" yana kuskure iri biyu: ya bar mara kyau ya wuce, ko ya kama mai kyau. Matatar imel takan jefa saƙon ɗaukar aiki cikin kwandon tarkace. Banki yakan toshe katin mai gaskiya don ya ga ciniki da bai saba gani ba. Ba wanda ya taɓa gina tsarin da kuskure na biyun nan ya zama sifili, kuma idan ka matsa wajen rage na farko, na biyun ƙaruwa yake yi. Shi ya sa ake ajiye kwandon da za ka iya buɗewa, da lambar da za ka kira, da maɓallin komawa baya. Punisher tsari ne da aka cire wa duk waɗannan, sannan aka ce mana ba ya kuskure. Da wani zai kawo min manhaja ya ce ya gwada ta a kan dubban mutane ba ta taɓa kama mai gaskiya ba, ba zan yaba masa ba. Zan tambaye shi wa ya shirya masa bayanan gwajin.

Dubi yadda marubuta ke yi idan suka kusanci wannan ramin. A zango na biyu na shirin Netflix, wanda ya fito a 2019, Frank ya yi imanin cewa harsashinsa ya kashe wasu mata uku, ya karaya, ya sallama kansa. Ba a jima ba aka gano cewa an kashe su tun kafin ya iso, makircin Billy Russo ne. A fim ɗin Punisher: War Zone na 2008 kam an bar shi ya kashe jami'in FBI da ya saje cikin 'yan daba, har ya yi niyyar ajiye makami. Sai aka turo wani mugun ya yi barazana ga matar mamacin da 'yarsa, don ya samu hujjar komawa fagen fama. Ko da aka yarda ya yi kuskure, ba a bari ya zauna da shi.

Akwai mutum ɗaya a labarin da ya kamata masu sha'awar fasaha su sa wa ido, wato Microchip, wanda aka shigo da shi a 1987. Shi ne gwanin kwamfutar da ke kutsawa cikin rumbunan bayanai, ya bi sawun kuɗi, ya haɗa makamai, ya miƙa wa Frank suna da adireshi. A takarda ana nuna shi kamar ɗan aike, mai ƙiba, zaune gaban allo. A zahiri kuwa shi ne alƙalin. Wanda ya haɗa jerin sunaye ya gama yanke hukunci, mai jan kunamar bindiga cikawa kawai yake yi. Kuma wannan ɓangaren na labarin ne ya riga ya fito daga takarda ya shigo wayoyinmu.

A watan Mayun 2021, da gobara ta tashi a unguwar Pacific Palisades ta Los Angeles, manhajar Citizen ta watsa hoton wani mutum ga masu amfani da ita, ta sa ladar dala 30,000 ga wanda ya taimaka aka kama shi. 'Yan sanda suka bincike shi suka sake shi, wani daban aka kama. A 2013, bayan harin bam na gasar gudun Boston, masu amfani da Reddit sun ɗora laifin a kan wani ɗalibi da ya ɓata, wanda ba ruwansa, iyalinsa suka sha tsangwama har kamfanin ya nemi afuwa. A Indiya jita-jitar masu satar yara a WhatsApp ta sa an kashe baƙi da matafiya a ƙauyuka, abin da ya tilasta wa kamfanin taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar kawai a 2018. A nan gida ma ba sai an yi dogon bayani ba. A watan Maris na 2025, 'yan banga a Uromi ta jihar Edo sun tare motar mafarauta da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe. Waɗanda suka taru a wurin, kowannensu yana da tabbaci a ransa irin na Frank Castle. Abin da ba su da shi shi ne marubucin da zai shirya musu cewa wanda ke gabansu lallai mai laifi ne.

Ban ce masu son Punisher mutanen banza ba ne, ni ma ina karanta shi. Wanda aka sace ɗan'uwansa, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, sannan ya ga wanda ake zargi yana yawo a kasuwa, ba ka da bakin yi masa wa'azin haƙuri da kotu. Fushin gaskiya ne, gazawar hukuma ma gaskiya ce, kuma daga wannan gazawar ake haifar ɗan sa-kai a ko'ina. Sai dai ko shari'ar Musulunci da ta tanadi kisasi ba ta miƙa wuƙar ga wanda aka yi wa ɓarna ya je ya nemo wanda yake zato ba. Ta sa alƙali a tsakani, ta nemi shaidu, ta buɗe ƙofar diyya da yafiya. Jinkirin da ke ba mu haushi wani ɓangarensa lalaci ne da cin hanci, amma wani ɓangaren aikin tantancewa ne.

Marubucin da ya fi kowa fahimtar Frank, a ganina, shi ne Garth Ennis, ɗan Ireland ta Arewa, wanda ya karɓe shi a 2000 tare da mai zane Steve Dillon. Shi ne ya rubuta wurin nan da Frank ya ɗaure Daredevil da sarƙa a saman bene, ya liƙa masa bindiga a hannu, ya ba shi zaɓi: ko ya harbe shi, ko ya zuba ido ya kashe wani. Shirin Daredevil na 2016, inda Jon Bernthal ya fara fitowa a matsayin Frank, ya ari wannan wurin. Amma aikinsa mafi nauyi shi ne Born na 2003. A can ya koma Vietnam ta 1971, ya nuna Frank a wani sansani da ake shirin watsarwa, mutum ne da ba ya son yaƙin ya ƙare. Wata murya a kansa ta yi masa tayin yaƙi mara iyaka, da sharaɗin zai biya wani farashi, ya amsa. Sai ya sauka filin jirgi iyalinsa suka tarbe shi, mai karatu kuma ya gane mene ne farashin. Wannan ya juya labarin gaba ɗaya. Kisan iyalinsa bai ƙera shi ba, izini kawai ya ba shi. A jerin MAX da Ennis ya fara a 2004, wanda ba na yara ba ne ko kusa, Frank da hannunsa ya harbe Microchip.

Duk da haka ƙoƙon kan ya tsere wa masu shi. Chris Kyle, maharbin sojan ruwan Amurka, ya faɗa a littafinsa American Sniper cewa rukuninsu sun riƙa fesa alamar a motoci da rigunan sulke a Iraƙi. Daga nan ta shiga hannun 'yan sanda. A 2017 sai da jama'a suka yi ca kafin 'yan sandan garin Catlettsburg na jihar Kentucky suka cire ta daga motocinsu. Conway ya sha faɗin cewa jami'in doka da ya ɗauki wannan alama ya rungumi ɗan ta-kife ne, a 2020 ma ya shirya sayar da riguna masu ƙoƙon don tallafa wa Black Lives Matter. A 2019 marubuci Matthew Rosenberg ya sa Frank da kansa ya yage sitikar daga motar wasu 'yan sanda, ya tura su su yi koyi da Captain America. Bai hana a ga alamar a jikin wasu da suka kutsa majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairun 2021 ba.

A 2022 Marvel ta sauya tambarin, ta sa masa ƙaho da haure. Wani facin ne, kuma bai hana kowa buga tsohon a riga ba. Abin da ya fi tambarin amfani a wannan jerin na Jason Aaron shi ne dawo da Maria da rai. Kusan shekara hamsin ana kashe mutane da sunanta, ba a taɓa tambayarta ba. Da ta ga abin da mijinta ya aikata, kuma ta tuna irin mutumin da yake tun kafin ranar Central Park, harbinsa ta yi, daga baya ta raba auren ta kama gabanta.