Waƙar ba ta da laifi, mu ne muka raba ta da masu amshi

Jiya bayan isha'i mun kusa awa biyu muna musu a teburin mai shayi, har shayin ya huce. Ba komai ya jawo ba sai wasan barkwancin da ƙungiyarmu ta yi a makon al'adu, wanda da yawanku kun kalla. Kun tuna yadda zauren ya cika har wasu suna leƙe ta taga: labarin ɗalibin da ya cinye kuɗin rajista, ya ɗauko hayar uban bogi don ya tsaya masa. Waƙoƙi huɗu ne a ciki, da kalangu. Bayan sati uku muka sake ɗaukarsa da kamera muka ɗora a YouTube. Ni da na fito a uban bogin, wallahi ban iya kallonsa har ƙarshe ba. Mutanen su ne, maganganun su ne, amma abin ya yi lami kamar miyar da aka manta gishiri.

Yanzu rabin 'yan ƙungiya sun tsaya kan cewa a cire waƙoƙin gaba ɗaya kafin a sake ɗauka, wai waƙa a cikin wasa Indiyanci ne. Ni dai ban yarda ba, ga kuma dalilina.

Duk wanda ya tashi a Jekadafari ko Bolari ko Pantami ya san abin da ke faruwa idan azumi ya kai goma. Yaro ya manna gemun auduga, ya riƙe sanda yana dogarawa, ya zama tsoho. Wani ya rataya tarkacen layu da saiwoyi ya zama Jatau mai magani. 'Yan mata su yi wasan Mairama da Daudu, ɗaya ta sa rigar maza ta zama miji. A Kano ga Nalako yana farautar gwagware. Tashe barkwanci ne da waƙa, kuma kakanninmu sun yi shi tun kafin a kafa silima a ƙasar nan. Ku lura, a tashe waƙar ita ce labarin. Ka cire ta, sai dai ka ga yaro tsaye da auduga a haɓa.

To me ya kashe namu a kamera? Abu uku na gani.

Na farko, amshi. A dandali mai bayarwa ya bayar, jama'a su amsa. Ranar nan ba mu muka rera rabin waƙar kuɗin rajista ba, ku ne, domin kowa a zauren ya san zafin abin. A bidiyo kuwa jarumin ya bayar, shiru ya amsa masa.

Na biyu, jiran dariya. Ɗan dandali yakan saki magana ya ɗan dakata jama'a su gama ƙyaƙyatawa. Mun kwaso wannan dakatawar muka kai gaban kamera, sai ta koma kamar mun manta abin da za mu ce.

Na uku, girman motsi. A zaure dole ka ware ido ka ɗaga murya saboda na kujerar baya. Kamera kuwa tana gaban hancinka, ɗan motsin gira ya ishe ta. Abin da ya ba da dariya daga nesa, a fuskar waya ya zama hayaniya.

Masu cewa Indiyanci ne suna da tasu gaskiyar, ba zan hana su ba. Tun shekarun 1950 ake haska finafinan Indiya a silimomin Arewa, kuma sun bar tabo. Fim ɗin Hausa na bidiyo daga dandali ya fito: ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ce ta yi Turmin Danya a 1990. Amma daga lokacin da Sangaya ya yi kasuwa, sai wata irin waƙa ta zama ƙa'ida: saurayi da budurwa su ɓace daga labari, su bayyana a lambu da sababbin kaya, a yi minti biyar, a dawo inda aka tsaya. Wannan waƙar tsayar da labari take yi, shi ya sa a da iyayenmu kan tura kaset gaba idan an zo wurin. Kuma wanda ya ce rawar maza da mata ce ba ya so, na fahimce shi. Namu wasan ai babu ita ko kaɗan.

Amma ku dubi marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah Ya jiƙansa, wanda ya rasu a Disambar 2014. Shi dabarar tashe ya kai fim. Doguwar jar hularsa ita ce gemun audugarsa: da ka gan ta ka san wa ya shigo, ba sai an ɓata lokacin gabatarwa ba. Idan ya yi waƙa, kamar a Ibro Awilo, waƙar ita ce abin dariyar, kuma kusan kullum akwai 'yan korensa a gefe suna tayawa. Wato ya shigo da masu amshi cikin hoton.

Kada ma ku ɗauka mu kaɗai abin ya taɓa kayarwa. A Amurka akwai The Producers na Mel Brooks. Fim ne a 1967, aka mayar da shi wasan dandali mai waƙa a 2001, ya lashe kyautar Tony har 12. A 2005 aka sake mayar da shi fim da manyan jaruman dandalin nan biyu da kuma daraktar da ta shirya shi, amma bai yi kasuwa ba, masu sharhi da dama suka ce tamkar dandalin aka ajiye wa kamera. Masu kuɗi da kayan aiki ke nan, balle mu da muka yi karo-karon kuɗin hayar fitila.

Shawarata ga 'yan ƙungiya kafin mu sake ɗauka bayan jarrabawa ita ce:

Mu gwada kowace waƙa. Idan an cire ta labarin bai rasa komai ba, ta tafi. A ganina ta biyu da ta huɗu za su faɗi. Amma wadda uban bogi yake koyon sunayen dangin yaron yana kuskurewa, a cikinta asirinsu ya fara tonuwa, ba ta ciruwa.

Mu sa masu amshi a cikin labarin: abokan ɗaki, 'yan layin rajista, mai shayi da kwastomominsa. Mai kallo a waya shi kaɗai ne da abin jinsa a kunne, yana buƙatar ya ga waɗanda za su amsa a madadinsa.

Mu yanke jiran dariya, mu rage murya, mu gajarta baitoci. Wanda ya sayi data da kuɗin abincinsa ba zai jira mu ba.

Abin da nake tsoro shi ne mu jefar da waƙar saboda kunya, ƙannenmu 'yan aji ɗaya su taso suna ɗauka duk wasa mai waƙa aro ne daga Mumbai, alhali a ƙofar gidansu aka yi musu shi suna yara, har suka ba da sadakar hatsi. Yaron da ya tsara mana waƙoƙin nan dare uku ya yi bai yi barcin kirki ba, jiya kuma yana zaune muna yanke wa aikinsa hukunci, bai ce uffan ba.

Ranar Asabar bayan la'asar akwai zama a inda muka saba. Wanda ke ganin a cire, ya zo da hujjarsa, ni ma zan zo da mai kalangu. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.