Filin Manoma: Harsashin Dalma Ko Na Jan Ƙarfe?

Manoman Ingila da Sikotilan da Amurka suna fama da wata dabba wadda ba ta tsoron mutum-mutumi, watau barewar Turai. Ta yi kama da barewar ƙasar Hausa, sai dai yawancin mazanta ƙahonsu mai rassa ne kamar itace, suna kuwa zubar da shi kowace shekara wani ya tsiro. A Ingila da Sikotilan an daɗe da ƙarar da kyarketan da ke cin ta, don haka ta yaɗu ƙwarai, tana shiga gonakin alkama da na sha'ir, tana cinye ƙananan itatuwan da aka dasa. Ba abin da ke rage ta sai bindiga. Saboda haka zaɓen harsashi a can ya zama zancen noma, ya kuma zama zancen abinci, gama naman a tukunya yake ƙarewa.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne girman dabbar da za a harba. Barewar da ke yawo a dajin Birtaniya iri 6 ce. Akwai 'yar ƙarama wadda ba ta wuce gada ba, akwai kuma jar barewa wadda namijinta kan kai nauyin jaki. Harsashin da ya ishi wancan bai ishi wannan ba. Hukumar Ingila ba ta bar wa maharba zaɓin yadda suka ga dama ba. Dokar barewa ta shekarar 1991 ta hana a harbi manyan da bindigar da faɗin bakinta bai kai .240 na inci ba, ta kuma yanka iyakar ƙarfin bugun da harsashi zai fita da shi. A Sikotilan an ƙara da cewa lalle gudun harsashi ya kai ƙafa 2,450 a daƙiƙa guda, ya kuma kasance irin wanda kansa ke buɗewa in ya shiga jiki. Shi ya sa bindigogin da suka fi yawa hannun maharban can su ne .243 da .270 da .308.

Wannan doka tana kan hanya. Ƙaramin harsashi yakan ji wa dabba rauni kawai, ta ruga ta shige kurmi, ta yi kwana biyu ko uku tana shan azaba kafin ta mutu. Manomi ya yi hasarar harsashi, ya yi hasarar nama, ya kuma ɗauki alhakin dabba. Wanda ya ɗauki bindigar da ta fi ƙarfinsa shi ma bai tsira ba, gama in tana dukan kafaɗarsa sai ya riƙa zabura tun kafin ya ja kunama, ya yi ta kuskure. Abin nema shi ne matsakaici, wanda maharbi zai iya sa shi daidai bayan kafaɗar dabba, inda zuciya da huhu suke.

To, duk wannan tsohon zance ne, maharba sun san shi tun kakanninsu. Sabon zance shi ne ƙarfen da aka yi harsashin da shi. Harsashin da aka saba da shi dalma ce a ciki, aka lulluɓe ta da ɓawon jan ƙarfe. Dalma tana da nauyi, tana da laushi, tana da araha, amma fa in ta bugi ƙashi da wannan irin gudu sai ta farfashe, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin uku na harsashin ya watse cikin nama. Ɓarɓashin nan wani bai kai ƙwayar gero ba, wani ma ido ba ya ganinsa, haƙori ba ya jinsa.

A shekarar 2008 wani likita a jihar Dakota ta Arewa, cikin Amurka, ya ɗauki ƙunshin niƙaƙƙen naman barewa wanda maharba suka ba da sadaka don matalauta, ya sa a na'urar hoton ƙashi. Fiye da rabin ƙunshin aka ga ɓarɓashin ƙarfe a ciki, har hukumar jihar ta sa aka janye naman daga gidajen rabon abinci. A wannan shekarar kuma ma'aikatan daji na jihar Minesota suka gwada harsasai iri iri a jikin gawar tumaki, suka sami ɓarɓashin dalma har nisan inci 18 daga inda harsashi ya bi. Ashe ke nan maharbin da ya yanke gefen rauni ya yar, yana tsammani ya tsabtace namansa, bai gama ba. Wuta kuwa ba ta kashe dalma. In ma an dafa naman da abu mai tsami, sai ta ƙara narkewa cikin romo.

Ba mutane kaɗai abin ya shafa ba. Maharbi yakan farke dabba a daji ya bar kayan ciki, tsuntsaye masu cin mushe su sauka su cinye har da dalmar. A Kalifoniya akwai wata ƙatuwar ungulu da ake kira kwando, wadda ta ragu har a shekarar 1987 guda 27 kaɗai suka saura a duniya, aka kame su duka don a yi kiwonsu. Da aka soma sakinsu, dalmar nan ce ta fi kowane abu kashe su. Saboda haka jihar ta yi doka a 2013, daga ranar 1 ga Yuli 2019 kuwa aka hana farauta da harsashin dalma ko'ina cikinta. Ƙasar Danmak, wadda ta hana ƙananan harsasan harbin tsuntsu na dalma tun 1996, ita ma ta hana na harbin manyan dabbobi daga watan Afrilu 2024.

Abin da ya maye gurbi shi ne harsashin jan ƙarfe zalla, wanda kamfanin Barnes na Amurka ya fito da irinsa kasuwa a 1989. In ya shiga jiki kansa yakan buɗe kamar fure, amma ba ya farfashewa, yakan huda ya fita kusan da nauyinsa duka.

Masu ƙin sa suna da hujjoji, ba kuwa duka ne na banza ba. Sun ce ya fi tsada, gaskiya ne. Amma maharbin barewa ba soja ba ne, harsashi nawa yake harbawa a shekara? Bambancin kuɗin bai kai kuɗin cinya guda ta naman da ya samu ba, araha kuwa ba ta ado. Sun ce jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka harsashinsa yakan fi tsawo, wasu tsofaffin bindigogi ba sa juya shi sosai, sai ya karkace. Wannan ma gaskiya ne, maganinsa kuwa a sayi mara nauyi kaɗan. Hukumar Sikotilan ta gane haka, shi ya sa a 2023 ta rage nauyin da doka ta yanka wa harsashin manyan bareyi daga giren 100 zuwa 80, don masu .243 su sami damar barin dalma. Giren 100 kuwa wajen giram 6 da rabi ke nan. Sun kuma ce in nisa ya yi yawa, gudu ya ragu, kan harsashin ba ya buɗewa sosai. To, wanda ya san aikinsa ai sanɗa yake yi ya matsa kusa. Abin da dai ya wajaba shi ne duk wanda ya sake harsashi ya fara gwada shi a jikin allo, ya gyara saitin bindigarsa, kafin ya nufi dabba mai rai.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwan manomin ƙasar Hausa da barewar Turawa? Ruwansa dalma. Mutanen Zamfara sun san ta. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan can saboda ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariya waɗanda ake niƙawa a cikin gidaje. Ita ce dalmar da ke cikin harsashi, ba wata ba. Likitoci sun ce babu wani ɗan kaɗan nata da ba ya cutar da yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi karatu na ba shi wuya, tana kuma ratsawa daga mai ciki zuwa ga abin da ke cikinta.

Maharbin ƙauye mai harba-ka-ruga ba shi da shagon da zai je ya zaɓi jan ƙarfe, amma akwai abin da ke hannunsa. In zai narka dalma, ya yi can waje nesa da yara, kada kuwa ya taɓa yi a cikin tukunya ko ludayin da ake abinci da su. In ya kayar da gada ko barewa, ya yanke naman da ke kewaye da rauni da yalwa ya binne, kada ya jefa wa kare ko ungulu. Mai ciki da ƙananan yara kuwa a ba su wani nama dabam. Wanda Allah ya hore wa bindigar zamani da lasisinta, in ya sami harsashin da ba dalma, shi ya fi cancanta ya saya, ko da ya fi tsada. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, rigakafi kuwa ya fi magani.