Daga hedikwatar Nike zuwa Kakau: me ake nufi da aiki mai kyau?

A watan Oktoban 2024 kamfanin takalman wasanni na Nike ya damƙa ragamar shugabancinsa ga Elliott Hill, mutumin da ya shiga kamfanin a 1988 a matsayin mai neman sanin makamar aiki. Labarin ya yi daɗi ga masu cewa haƙuri a wurin aiki yana biya. Sai dai ga matasan Kakau, Gonin Gora da Sabon Tasha, waɗanda ke sayen kambas na gwanjo a Kasuwar Barci suna kuma neman aikin masana'anta, akwai abin dubawa a bayan wannan labari.

Hedikwatar Nike da ke kusa da Beaverton a jihar Oregon ta Amurka ta yi suna wajen jin daɗin ma'aikata: wuraren motsa jiki, filayen wasa, da rangwame a kan kayan kamfanin. A watan Agustan 2021 ma an ba ma'aikatan ofis hutun mako guda domin su huta da gajiyar ƙwaƙwalwa. Amma ba a nan ake ɗinka takalman ba. Nike kwangila yake bayarwa, kuma kusan rabin takalmansa a Vietnam ake yin su, saura mafi yawa a Indonesiya da China. A 2023, da odar kaya ta ragu, masana'antar PouYuen da ke birnin Ho Chi Minh, wadda ke yi wa manyan kamfanoni takalma, ta sallami dubban ma'aikata. Su ma na ofis ba su tsira ba, domin a farkon 2024 Nike ya sanar da rage kusan kashi 2 cikin 100 na ma'aikatansa. Ke nan alfarmar wurin aiki tana tafiya ne da kasuwa. Ranar da ciniki ya ja baya, ita ake fara janyewa.

Kaduna ba baƙuwa ba ce ga wannan darasi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited, wato KTL, a Kakuri, a zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello. Daga baya Arewa Textiles da UNTL suka biyo, sannan kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Dubban iyalai sun rayu da albashin waɗannan masana'antu, unguwannin kudancin kogin Kaduna kuma suka cika suka batse. A lokacin ƙaramin ma'aikaci na iya hawa matakala: Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles ya fara, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, shugaban NLC a 1999, kana gwamnan jihar Edo a 2008.

Da KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta sun shafe shekaru suna zanga-zangar neman haƙƙinsu na sallama, da dama kuma sun rasu ba su karɓa ba. Abin da ya bayyana shi ne, duk alkawarin da ke cikin aljihun kamfani yana nutsewa tare da kamfanin. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsarin fansho na yanzu ya fi muhimmanci ga ma'aikaci fiye da abincin rana kyauta: dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, ba a hannun kamfani ba.

Yanzu sababbin masu zuba jari sun fi karkata ga hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda Kakau take. A 2017 kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin dabbobi da ƙyanƙyasar kaji a wannan hanya, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Harkar takalma ma tana da abin dogaro a Arewa: majemun Kano da ke Sharaɗa da Challawa, da cibiyar nazarin fasahar fata ta NILEST da ke Zariya. Matsalar ita ce har yanzu ana fitar da fata mai yawa zuwa Turai, a dawo mana da takalmi a farashi mai tsada. Duk gwamnatin da ta yi nasarar jawo masana'antar takalma za ta yi alfahari da yawan guraben aiki, amma ingancin guraben ne zai nuna ko an ci riba.

Ma'aunin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutacciyar takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aikinsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga hukumar NSITF, domin wanda inji ya ji wa rauni ya samu diyya. Hanyar da aka fi bi wajen kauce wa waɗannan ita ce ɗaukar ma'aikatan wucin gadi ta hannun 'yan kwangila, inda mutum zai shekara biyar yana aiki ba tare da ƙarin girma ko asusun fansho ba.

Wannan batu ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye, domin ma'aikaci mai tabbataccen albashi shi ne ke kama hayar ɗaki, ya ci bashin shago ya biya a ƙarshen wata. Ya shafi jami'an ma'aikatar ƙwadago, waɗanda alhakin duba masana'antu ke wuyansu. Kafin a ba kowane kamfani fili ko sassaucin haraji a Kakau, ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya yawan ma'aikatan dindindin, tsarin horaswa, da matakan ƙarin girma daga bakin inji zuwa ofis. In ba haka ba, abin da ya ci Kakuri ba zai bar Kakau ba.